Ragon da Aka Ɗaure a Hanyar Aradu

Aikin nan ya ba ni wahala, kuma ba wanda ya sa ni. Na daɗe ina wayarin a Dutse. Na ja waya a gidajen unguwar Takur da ban san iyakarsu ba, na shiga cikin silin da azumi a bakina, amma ban taɓa haƙa ramin da ya ci ƙarfina kamar na gidan Yaya ba. Har yau in sanyi ya shigo, bayana yana tuna mini.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Firamare na yi, ita ma da ƙyar, sai na allo. Abin da na sani na wuta a hannu na koya, kuma ta ja ni ba sau ɗaya ba kafin mu fahimci juna. Mutane suna ce mini Injiniya, ina amsawa, don na gaji da gyara musu.

Yayana manomi ne. Yana can ƙauyenmu gaba da Buji, inda aka haife mu, yana noman gero da gyaɗa da riɗi, da 'yan dabbobinsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba ni ne ƙarami, kuma har na yi furfura Auta yake kirana. Ciwon suga ya kama shi da girma ya zo. Ƙwaya ta daina yi masa aiki, likita ya mayar da shi kan allura. Allurar nan ba ta son zafi. In ta sha zafi sai ta zama ruwa kawai, ka yi ta tsira wa jikinka a banza. Ƙauyen kuma babu wutar gwamnati. Babban ɗansa da ke aiki a kudu ya aiko aka kafa masa sola: faifai a kan kwanon ɗaki, batir, inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, da ɗan firij da bai kai mini ƙugu ba. Ba ni na kafa ba, mutum aka turo daga Kano. Aikinsa bai yi laifi ba, sai dai bai yi wa aradu tanadin komai ba. Yawanci haka ake yi. Da rani ake kafawa, sama garau, ba mai tuna damina.

A daminar farko aradu ta faɗa kan dabinon da ke bayan danga. Ba ta taɓa ɗaki ba, ba ta taɓa mutum ba, suna gona ma a lokacin. Da suka dawo suka tarar kan dabino ya ƙone, ɗaki yana warin ƙonanniyar roba, inbata ta yi baƙi, firij shiru. Mutane suna zaton sai aradu ta faɗo kan kayanka take ɓata shi. Ba haka ba ne. Ko a maƙwabta ta sauka, wani ɓangare nata yana bin duk wayar da ya samu ya shigo, kuma kayan zamani ba su da juriya.

Matar Yaya ta yi abin da ta sani. Ta naɗe kwalaben allurar a leda ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ya taimaka, amma randa ba firij ba ce. Ba su gaya mini ba, don Yaya ba ya son a ce ya dami mutum. Sai da aka kawo shi asibiti a Dutse cikin motar haya, bai san wanda ke kansa ba, sannan na ji. Na je na tsaya ina kallon mutumin da ya goya ni, ya koya mini riƙon fartanya, yana kwance leɓe a bushe. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi wa gero maimai. Na ce masa gero zai jira. Na kuma ce in an sake kawo inbata, kada wanda ya kunna ta sai na zo.

Sauran shekarar a firij ɗin wani mai shago a Buji ake ajiye allurar, ana zuwa ɗaukowa kaɗan-kaɗan a babur, wani lokacin a tarar shagon a rufe. Sabuwar inbata ba ta iso ba sai da bazara, ana wannan zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Na rufe shagona na ɗauki kaya na tafi.

Wadda ta fara tare ni Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinmu. Ita kaɗai ta rage a cikinsu, a gidan take zaune. Ta ga dogon bututun ƙarfe da na sauke daga mota, ta tambayi na mene ne. Da na ce a bayan ɗaki zan kafa shi ya fi rufin tsawo saboda aradu, ta ajiye tsintsiyar hannunta. A wurinta aradu gatarin dutse ce da ke faɗowa daga sama ta nutse a ƙasa, ƙarfe yana kiranta, kuma inda ta sauka sai an zuba madara take hucewa. Haka ta taso ta ji, haka mu ma muka ji muna yara.

"Auta, kai da kanka za ka kafa mata tsani har cikin gida?"

"Gwaggo, bara babu tsani ta zo. Ni hanyar fita zan yi mata."

Ba ta gamsu ba. Yaya ne ya gane. Yana zaune a tabarma yana jinmu, sai ya ce ashe indararo zan yi. Na ce shi ke nan. Ba ka hana ruwa sauka a kan soro, amma kana yi masa inda zai zuba waje kada ya tsaga maka gini. Gwaggo ta ce ruwa daban, ikon Allah daban. Yaya ya ce ruwan ma ikon Allah ne, kuma ita ce ta fi kowa faɗa in indararon ɗakinta ya toshe. Ta shige ɗaki ta bar mu.

Na kafa bututun, na ɗaura masa tsinin jan ƙarfe a ka, abin da muke kira tanda aresta. Daga tsinin na sauko da faffaɗar wayar jan ƙarfe a miƙe, ba lanƙwasa, don aradu ba ta bin kwana, in ta tarar da kwana tsallakewa take yi ta shiga abin da ke kusa. Wayar nan dole ta ƙare a jikin rodin jan ƙarfe da aka binne a ƙasa mai danshi. Jikin inbata da ƙarafan da ke riƙe da faifan sola su ma na jawo musu waya zuwa rodin ɗaya. A bango kusa da inbata na ɗaura wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, muna ce masa saj. Aikinsa in wuta ta yi tsalle a waya ya karkatar da ita ƙasa, ko da shi zai ƙone. Yana da ɗan ido kore. In ya mutu idon ya koma ja. Duk wannan ba wahala ba ne. Ramin ne wahalar.

A Dutse matsalarmu dutse. Ka haƙa kaɗan diga ta yi tsalle ta dawo maka. A ƙauyenmu kuwa yashi ne, kuma busasshen yashi ba ya karɓar wuta, in ka binne rodi a cikinsa kamar ka rataye shi a iska ne. Dole ka nutsa sai ka kai danshi. In na haƙa ya rufta, in na kwashe ya sake ruftawa. Sai da na nemo tsofaffin kwanukan rufi na tokare bangon ramin. Samarin gari duk sun tafi cirani ba su dawo ba, ba wanda zan ce ya karɓe ni. Yaya ya zo zai ja bokiti na kore shi, na ce ban fito da shi daga asibiti don ya faɗo mini a rami ba. Matarsa ce ta riƙa ja.

Ni da matar Yaya tun tana amarya muke wasa. Ina ce mata Uwargida, tana ce mini Injiniya da wata irin murya da ke nuna ba ta yarda ba. Tana jan bokitin tana cewa in rijiya nake haƙa in faɗa mata ta sayi guga, in kuma kabarina ne in ƙara faɗi don na yi tumbi a birni. Yashi a baki, yashi a kunne, gumi yana shiga ido.

Da na kai inda ƙasa ta yi duhu ta fara kama hannu, na buga rodin da guduma har ya nutse, na bar kansa kaɗan a waje don ɗaurin waya. Sannan na ce a kawo gawayi da gishiri. Haka ake yi. Ana zuba su shimfiɗa kan shimfiɗa a zagaye rodin, gawayi yana riƙe danshi, gishiri yana sa ƙasa ta karɓi wuta. Gishirin na zo da buhuna daga Dutse. Gawayin kuwa nata na kwasa, wanda ta tara don damina.

"Gawayi da gishiri. Injiniya, in kawo kuka da daddawa? Wa za ka yi wa miya a can ƙasa?"

"Baƙuwa ce za ta zo, Uwargida. In ba a tare ta a nan ba, ɗakinki za ta shiga."

Na cike ramin, na ɗaure wayar a kan rodin da kilam, wato maɗaurin ƙarfe, na matse noti, na jawo wani tsohon dutsen niƙa da aka yar tun zuwan inji na rufe wurin. Na tara su har da Gwaggo na yi musu bayani. Kada a taɓa wayar nan. In sama ta daɗe ba ruwa a riƙa zuba wa wurin ruwa, ko na wanke-wanke ne, kada ya bushe. A riƙa duba idon saj. In hadari ya taso kada kowa ya tsaya kusa da bututun. Na kunna inbata, firij ya yi ɗan kukansa. Yaya ya sa hannu a ciki ya daɗe bai fitar ba. Na koma Dutse na kwanta, bayana bai bar ni na yi sujada daidai ba har wani lokaci.

Damina ta sauka sosai. Ina kiran waya, Yaya ya ce lafiya lau, ido kore, Uwargida tana shayar da ramina kamar shuka. Ana saura kaɗan Babbar Sallah allurarsa ta kusa ƙarewa, na karɓo masa sabuwa a Dutse, na sa a ɗan kwanon ƙanƙara na hau mota. Na isa bayan azahar. Tun a hanya na ga gabas ta fara haɗa rai.

Na gaishe da Gwaggo, na gaishe da Yaya, na sa allurar a firij da hannuna. Sannan na zagaya bayan ɗaki in duba aikina, don ni ba na zuwa inda na yi aiki in tafi ban leƙa ba.

Dutsen niƙa ba ya wurin. Ƙasar ramin ta lotsa, duk sawun kofato. Awaki biyu suna tsaye suna lasar yashi. A jikin rodina kuwa igiya ce ɗaure, a ƙarshen igiyar ragon layyar Yaya, fari ƙato mai ƙaho, yana kallona yana tuƙa. Ya ja ya ja har kilam ya ɓalle. Wayar jan ƙarfen da ta sauko daga sama tana lilo a iska, ba ta taɓa komai. Ƙananan wayoyin da suka fito daga ɗaki su ma sun zame.

Na kira Uwargida. Ta fito hannu duk gari, ta ga fuskata, ta daina murmushi.

Ban yi ihu ba, na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ai ni na ce a zuba ruwa. Tana zubawa dutsen yana tarewa ruwan ya bi gefe, sai ta gusar da shi, ta kai shi bakin rijiya inda yake da amfani wurin wanki. Ruwan ya riƙa taso da gishiri sama. Awaki suka gano. Tun da take kiwo, in ji ta, ba ta taɓa samun sauƙin tara dabbobi irin na bana ba, da yamma ba sai ta bi su ba, a nan take tarar da su. Tsohon turken rago kuma gara ta cinye shi ya karye. Ga ƙarfe a kafe, wanda gara ba ta ci, a inda ragon da kansa yake son tsayawa. Ta ce wayar na hana a taɓa, kuma ita ba ta taɓa waya ba, rodi ta ɗaura wa igiya. Idon akwatin kuma kullum tana dubawa, kore ne.

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa na rasa ta inda zan fara faɗa. Na ce mata idon zai zauna kore har ranar da abin zai zo, shi bai san an yanke masa hanya ba. Na ce yanzu gidan ya fi bara haɗari. Bara babu abin da ya miƙa kai sama. Bana ga tsini ya fi komai tsawo a unguwar, aradu ta sauko ta tarar hanya ta ƙare a iska, ina za ta bi? Ko ta yi tsalle ta shiga wayar ɗaki ta cinye inbata, ko ta shiga abin da ke tsaye kusa.

Ta dubi ragon, ta dubi gabas. Hadarin ya yi baƙi ƙirin daga ƙasa, ana jin rugugi can nesa.

"To yanzu fa?"

"Yanzu ki kwance angonki ki kai shi can ƙarshen gida. Ki kore awakin. Ki shiga ki zare wa firij waya daga bango."

Ba a aiki a jikin wayar tanda aresta hadari yana sama. Kowa a sana'armu ya san wannan, ni ma ina gaya wa mutane. Amma na duba na ga iska ba ta taso ba tukuna, walƙiya kuma in ta haska sai an jima ake jin ƙararta. Na san da ɗan sauran lokaci, ba mai yawa ba. Firij an zare shi, ya tsira. Inbata kuwa tana haɗe da faifan da ke kan rufi, kuma ɗan makunnin da ke tsakaninsu ba zai tsayar da abin da ya tsallako daga sama ba. In ta sake ƙonewa, firij akwati ne kawai, Yaya ya koma randa da shagon Buji a tsakiyar damina, hanya duk taɓo.

Ragon ya ƙi tafiya. Ya saba da gishirinsa. Uwargida tana ja yana turjewa, Gwaggo ta fito da muciya tana dukan bayansa tana cewa ai ta faɗa tun farko. Ni na durƙusa a ramin na tono kilam daga yashi. Notinsa ya ci zare, ba ya kamawa. Na zazzage jakata, babu irinsa. Yaya ya fito yana dafa bango ya tambayi abin da nake nema. Na nuna masa. Ya nufi inda garmar shanunsa take jingine, ya nuna mini wata ƙusa mai noti da ke riƙe da hannunta. Na kwance ta da sifana. Ta ɗan yi kauri, amma ta shiga kilam ɗin. Na kankare tsatsa da kore-koren da gishiri ya yi wa bakin wayar har jan ƙarfen ya fito fes, na haɗa babbar da ƙananan a jikin rodin, na matse har sifana ta zame ta fasa mini yatsa. Na ja da hannu biyu, bai motsa ba.

Ina miƙewa iska ta iso, ta kwashi buhu da kwanon wanke-wanke ta yi waje da su. Na ce kowa ɗaki. Muka shiga na Yaya mu huɗu. Na ce kada wanda ya jingina da bango, kada wanda ya taɓa waya ko ƙofar ƙarfe. Uwargida ta ɗebi ruwa a moɗa ta jiƙa yashin gindin randa. Shiri take yi ko firij zai sake mutuwa.

Yaya ya tambaye ni a hankali ko aikin zai riƙe. Na ce zai riƙe. Ba don in kwantar masa da hankali na faɗa ba. Ni na haƙa ramin, na san inda rodin ya kai, na san abin da na matse.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwano yana ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Tsawa tana matsowa. Gwaggo tana jan carbi tana salati. Sai haske da ƙara suka zo tare, babu tsakani. Ɗakin ya yi fari fat, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma, wani abu ya yi ƙas a bango. Kunnena ya toshe. Da ya buɗe abin da na fara ji kukan awaki ne, sai muryar Gwaggo tana kiran sunan Allah. Akwai warin ƙuna a ɗakin, kaɗan. Uwargida ta dube ni, don ta san wannan warin tun bara.

Na hana kowa motsi sai da ruwan ya tsagaita, rugugin ya yi yamma. Sannan na tashi na duba bango. Idon saj ya koma ja, gefensa ya yi baƙi, shi ne yake warin. Na shinshina inbata, ba komai. Ɗan hasken fuskarta yana nan. Na ɗauki wayar firij na mayar a bango.

Firij ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar yadda yake yi, sannan ya girgiza ya kama kukansa.

Yaya ya ce alhamdu lillahi, ya gyara zama. Shi ke nan abin da ya ce.

Muka fita bayan ɗaki da sauran hasken yamma. Tsinin yana nan a sama, bakinsa ya ɗan sauya launi. Wayar tana nan, ƙusar garma tana riƙe. Ƙasar bakin ramin ta tsage, ga wani wari kamar an toya yashi. Guntun igiyar ragon da ya rage a jikin rodin ya ƙone. Uwargida ta tsaya tana kallon guntun igiyar, sannan ta juya ta kalli ragon can ƙarshen gida, jiƙe sharkaf, yana cin harawa.

"Da yanzu ana fiɗa," in ji ta.

"Da ba a ci ba. Mushe ne."

"To, Injiniya." Wannan karon muryar da ta saba sa wa sunan ba ta fito ba. Amma ba ta bar ni haka ba, ta ƙara da cewa in na sake binne gishiri a gidan masu awaki in riƙa tambayar mata.

Gwaggo ta fito da ƙwarya. Ta sa an tatso mata madara daga saniyar maƙwabta, ta zo za ta zuba a wurin. Ta tsaya tana jiran in hana ta. Na ce ta zuba, ramin danshi yake so, bai damu da ko na mene ne ba. Ta zuba tana addu'a. Da ta gama ta ce a kawo fartanya a tono gatarin kafin ya nutse, don ana ajiye shi a gida. Nan na ce a'a. Na ce duk wanda ya sa fartanya a ramin nan, shi zai sake haƙa shi da bazara, ni na gama nawa.

"Ai na faɗa maka ƙarfen nan zai kira ta," in ji Gwaggo.

"Ya kira ta, Gwaggo. Ya kuma raka ta har ƙofa."

Ta ce yaran yanzu ba a kayar da su a magana, ni da jikokina a gida. Har yau a kan ra'ayinta take, kuma tana gaya wa mata madarar ce ta sa abin bai dawo ba. Ban taɓa musa mata ba.

Kafin tuwon magariba Yaya ya buɗe firij ya ɗauko kwalbar da na kawo. Ya riƙe ta a tafinsa ya ce da sanyinta. Ya ɗaga riga ya yi allurarsa, muka ci abinci. Ya tuna mini cewa garmarsa ba ta da hannu yanzu, kuma jibi zai yi huɗa. Na ce na ji.

Da safe bayan na dawo daga masallaci na ciro sabon saj daga jakata, don ba na tafiya babu na canji, na cire ƙonannen na ɗaura shi, ido kore. Na je wurin mai gyaran babur na bakin hanya na samo ƙusa mai noti na mayar wa garma hannunta. Wadda ke jikin rodin na bar ta inda take. Na kwaso ragowar bulon da ke bayan zaure, na kwaɓa siminti, na zagaye ramin da gini zuwa gwiwa. Na je bakin rijiya na mirgino dutsen niƙa, Uwargida tana kallo tana cewa a ina za ta yi wanki, na ɗora shi a kai na liƙe, na bar guntun bututu a gefe inda za a riƙa zuba ruwa. Sannan na nemo wani tsohon ƙarfen amalanke, na kai shi can ƙarshen gida nesa da bututun, na buga shi a ƙasa da guduma har ya zauna. Na ajiye fasasshen kasko a gindinsa, na zuba kanwa da ragowar gishirin buhuna, na jawo ragon da kaina na ɗaure shi. Awaki suka biyo mu. Na wanke hannu, na ɗaure yatsana da tsumma, na fita bakin hanya jiran motar Dutse.